Ciyawar roba a gidan da ake kiwon karnuka: tana biyan buƙata kuwa?

Baban Yara:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ciyawar roba, musamman waɗanda suka taɓa shimfiɗa ta ko suka zauna da ita a gidan da akwai karnuka. Ina da karnuka biyu, babban namiji da karya matsakaiciya, kuma filin da ke bayan gidana, wanda a da ciyawa ce kore shar, yanzu ya lalace. Duk inda karyar ta saba tsugunawa ciyawar ta ƙone ta yi ja, gefen katanga kuma, inda namijin yake kai-komo yana sintiri, ya zama turba, ko tsiro ɗaya babu. Idan aka yi ruwan sama wurin ya koma taɓo, su tattaka shi su shigo da shi har cikin ɗaki.

An ba ni shawarar in kwashe ciyawar gaba ɗaya in shimfiɗa ta roba, amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Na farko shi ne zarni, domin ban ga yadda roba za ta sha fitsarin karnuka biyu kullum ba tare da ta fara wari ba. Na biyu zafin rana, ko ba za ta ƙona musu tafin ƙafa ba. Sannan namijin yana da halin tona ƙasa, ina tsoron kada ya yage ta tun ba a je ko'ina ba. Ina kuma son sanin ko akwai wata illa ga lafiyarsu da ta yaran da suke wasa a wurin. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiyar lamarin, mai daɗi da marar daɗi, kafin in sa hannu.

Mai Shimfiɗa:

Wa alaikumus salam, Baban Yara. Shimfiɗa ciyawar roba sana'ata ce, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, a gidan da akwai karnuka abin da ke ƙarƙashin ciyawar ya fi ciyawar kanta muhimmanci. Mafi yawan masu saye a kan launi da laushi suke tsayawa, su shafa samfurin da hannu su ce wannan ta yi, alhali abin da zai sa su ji daɗinta ko su yi da-na-sani bayan shekara guda shi ne inda fitsarin yake tafiya bayan ya sauka.

Bari in fara da dalilin zarnin. Fitsarin kare yana ɗauke da sinadarin yuriya mai yawan naitirojin. A ƙasa mai rai, ƙasar ce take shanye shi, ƙananan halittun cikinta su sarrafa shi ya zama abincin tsiro, sai idan ya taru da yawa a wuri ɗaya ne yake ƙone ciyawa, kamar yadda takin zamani yake yi idan aka zuba shi fiye da kima. Shi ya sa wurin karyarka ya fi ƙonewa, domin ita tsugunawa take yi ta juye duka a wuri guda, shi kuwa namijin ɗaga ƙafa yake yi yana rarraba nasa nan da can. A ciyawar roba babu abin da zai ƙone, amma kuma babu abin da zai sha fitsarin ya sarrafa shi. Idan ya maƙale, ƙwayoyin bakteriya su farfasa yuriyar ta koma amoniya, wanda shi ne zarnin da ke hawa kai, kuma zafin rana yana ƙara tayar da shi. Saboda haka dukkan dabarar aikin ita ce a tabbatar babu wani mataki, daga sama har ƙasa, da zai riƙe danshi.

Mataki na farko shi ne bayan ciyawar, wato shimfiɗar da aka dasa zaren a jikinta. Ana shafe ta da ɗayan nau'in roba biyu, lateks ko foliyuritan. Lateks yana tsotsar danshi, kuma idan ya sha fitsari warin ba ya fita da sauƙi, don haka a gidan karnuka foliyuritan nake zaɓa. Akwai kuma bambanci tsakanin wadda aka huhhuda wa ramuka jefi-jefi da wadda ruwa yake ratsa bayanta ta ko'ina. Ta biyun ta fi dacewa, domin a mai ramuka fitsarin da ya sauka tsakanin rami da rami sai ya kwanta ya bushe a nan. Kada ka tsaya a kan maganar mai sayarwa kaɗai: karɓi ɗan yanki, ɗora shi a bakin bokiti, zuba masa kofin ruwa, ka ga ko ruwan zai wuce nan take ko zai taru yana neman hanya.

Mataki na biyu shi ne gindin aikin, kuma a nan ne masu gaggawa suke ha'inci, domin da zarar an rufe ba wanda zai gani. Ana kwashe ƙasar sama kimanin santimita 8 zuwa 10, a cike gurbin da fasasshen dutse, a daddaɓe shi da injin daɓe har ya zauna, a ba shi ɗan gangare zuwa inda ruwa zai fita. A saman dutsen wasu suna baza yashi mai laushi don wurin ya yi sumul. A gidan da babu dabba wannan ba laifi, amma a naka kada ka yarda, domin yashin zai sha fitsari ya riƙe shi. A sa ƙananan tsakuwar giranit a maimakonsa. Haka nan ƙyallen da ake shimfiɗawa don hana haki tsirowa, a can ƙasa ya kamata ya zauna, tsakanin ƙasa da dutse. Idan aka manna shi kai tsaye a ƙarƙashin ciyawar, shi ne zai zama matattarar zarni. Na sha ɗaga ciyawar da masu ita suka rantse cewa ita ce ba ta da kyau, sai a tarar da wannan ƙyallen ya yi jagab ya canja launi, ciyawar kuwa lafiyarta ƙalau.

Sai abin da ake barbaɗawa a tsakanin zaren don ya miƙe tsaye kuma shimfiɗar ta yi nauyi. A filayen wasa ɓarɓashin tsohuwar tayar mota ake yawan zubawa, wanda ban ba ka shawararsa ba sam, saboda baƙi ne, yana ɗaukar zafi, yana bin ƙafa zuwa cikin gida, kuma kare yana iya haɗiye shi. Yashin silika ya fi shi, amma wanda ya fi dacewa da karnuka shi ne ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ƙofofi da ke kama sinadarin amoniya ya riƙe shi kafin ya tashi iska. Sai dai shi ma yana cika, dole ne a riƙa kwarara masa ruwa, a kuma ƙara sabo lokaci-lokaci.

Game da tsawon zaren, zaɓi gajere, milimita 20 zuwa 30, mai kauri, na nau'in robar da ake kira foliyetilin. Dogon zare ya fi kyau a ido, amma kashi yana maƙalewa a cikinsa, kuma yana saurin kwantawa a inda ake yawan takawa.

Batun tona kuwa, kare ba ya samun abin kamawa a tsakiyar shimfiɗar, gefe yake nema ko mahaɗa. A kewaye filin da katako ko bakin kankare, a cusa gefen ciki, a kafe shi da ƙusoshi kusa-kusa, tazarar da ba ta wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Mahaɗa kuma a haɗa ta da tef da gam na musamman, a rage yawanta gwargwadon hali, kuma kada ta faɗo a kan turbar da namijin nan yake sintiri. Idan bai sami leɓen da zai sa farce ba, yawanci yakan haƙura.

Ma'aikaciyar Lafiyar Dabbobi:

Malam Mai Shimfiɗa ya yi bayani mai gamsarwa a kan zarni, Allah ya saka da alheri. Ni zan tsaya a kan zafi, domin shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi ne wanda kyan aiki ba ya maganinsa.

Ciyawa mai rai tana fitar da ruwa ta ganyenta, wannan ne yake sanyaya ta ko da rana ta take. Roba ba ta da wannan baiwar, zafin kawai take tarawa. A shekarar 2002, masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun auna filin wasa na ciyawar roba, suka sami zafin samansa ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyas a ranar da zafin iska yake kimanin digiri 37. Da suka fesa wa filin ruwa, zafin ya sauka daga digiri 79 zuwa 29, amma cikin minti 5 ya koma 49, bayan minti 20 kuma ya kai 73. Gaskiya ne wancan filin wasa ne mai ɓarɓashin taya, kuma ta gida mai yashi ko ziyolait ba ta kai shi ɗaukar zafi ba, amma darasin ɗaya ne: fesa ruwa sauƙi ne na ɗan lokaci, inuwa ce kaɗai take rage zafin ta riƙe shi a ƙasa.

Abin da ya sa wannan ya fi tsanani ga kare shi ne, ba ya yin gumi a jiki kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, sauran kuwa da haki yake fitar da zafi, ga shi kuma kusa yake da ƙasa, hucin da ke tashi daga robar shi yake shaƙa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 kuwa ransa yana cikin haɗari. Karnuka masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ƙiba, su ne suka fi saurin galabaita. Ƙunar tafin ƙafa kuma ba ta bayyana nan take, sai daga baya ka ga yana ɗingishi yana lasar ƙafar, ka duba ka tarar da fatar ta yi ja ko ta saɓule. Gwajin da nake faɗa wa kowa shi ne, ɗora bayan hannunka a kan shimfiɗar ka ƙirga daƙiƙa 7. Idan ba ka iya jurewa ba, kada ka sake su a kai. Don haka, Baban Yara, kafin ka duba samfuri, duba filinka da tsakar rana ka ga ina inuwa take, kuma ko mene ne ka yanke, ka bar musu wani sashe mai sanyi da ruwan sha a ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Ka kuma lura da tagogin da ke fuskantar filin, domin akwai gilashin zamani mai mayar da zafi wanda yake tattara hasken rana a wuri ɗaya har ya narkar da zaren.

Ta fuskar tsafta ciyawar roba tana da alfanu, domin ƙuma da kaska ba sa samun maɓoya a cikinta kamar yadda suke samu a doguwar ciyawa, kuma kashi yana fitowa fili a kwashe shi. A kwashe shi kullum kuwa, saboda ƙwayayen tsutsar cikin da ke fita a kashin kare sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 a waje kafin su zama masu iya kama wani, kuma yara ƙanana masu sa hannu a baki suna cikin waɗanda suke kamawa. Wanda ya kwashe da wuri, ya kuma riƙa ba karnukansa maganin tsutsa a kan kari, ya yanke wannan hanyar. Idan kuma kare ya yi gudawa ko ya kamu da cutar fabo, mai kashe 'yan kwikwiyo, wadda ƙwayarta take iya yin watanni a waje da ranta, to wankin ruwa bai isa ba, sai an nemi likitan dabbobi ya faɗi maganin da za a wanke wurin da shi.

Ina roƙon kowa ya kiyaye abu ɗaya: kada a zuba bilic, wato ruwan wanki mai kilorin, a kan wurin da ya sha fitsari ba a ɗauraye shi ba, domin haɗuwar bilic da amoniya tana fitar da iska mai guba da ke cutar da ido da huhu. Na yau da kullum, ruwan wanki mai sinadarin enzayim da ake yi domin fitsarin dabbobi ya fi dacewa, tunda shi narkar da dattin yake yi, ba rufe warin da ƙamshi ba.

Game da sinadaran da ke jikin robar, a 2008 an gano dalma a wasu tsofaffin filaye na zaren nailan a jihar New Jersey ta Amurka, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta fitar da gargaɗi a kai. Yanzu kuma ana magana a kan sinadaran PFAS, masu daɗewa a jiki da muhalli ba su ruɓe ba, waɗanda a 2022 birnin Boston na Amurka ya ce ba zai ƙara shimfiɗa ciyawar roba mai ɗauke da su ba a wuraren shaƙatawarsa. Haƙƙinka ne ka nemi takardar gwajin da ke nuna abin da ke cikin wadda za ka saya, kuma ka guji tsohuwar da aka ɓamɓaro daga filin wasa ana sake sayarwa. Idan kana da kare mai tauna duk abin da ya samu, ka sa masa ido a kwanakin farko, domin guntun roba yana iya toshe hanji.

Mai Lambu:

Ina girmama bayanin 'yan'uwana biyu, amma ni ra'ayina shi ne kada ka rufe filin gaba ɗaya. Ciyawar roba ta yi suna ne a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome da ke Houston a Amurka, bayan an shafe rufinsa mai shigar da haske da fenti saboda haske yana kashe wa 'yan wasa ido, ciyawar gaske ta rasa rana ta mutu. Wato an kawo ta ne domin wurin da ciyawa ba za ta iya rayuwa ba. Naka filin ciyawa tana rayuwa a cikinsa, wurare biyu ne kawai suka gagara, wurin fitsari da turbar gefen katanga, kuma kowanne yana da maganinsa.

Turbar a shimfiɗa mata duwatsu ko bulo, tunda kare ba zai daina sintiri a iyakar gidansa ba. Wurin fitsari kuma a ware kusurwa ɗaya, a zuba mata ƙananan tsakuwa marasa kaifi a kan gindi mai tsotse ruwa, a koya musu zuwa can da yabo da ɗan abin taunawa duk lokacin da suka yi daidai. Idan ɗaya ya kuskure ya yi a kan ciyawa, a bi shi da bokitin ruwa nan take, fitsarin ya tsarma kafin ya ƙone ta. Kare yana son shinshina ƙasa da kwanciya a wuri mai sanyi, kuma a ganina raba shi da wannan gaba ɗaya tauye shi ne.

A kuma tuna cewa robar ba ta dawwama. Masu yin ta sukan ambaci shekara 10 zuwa 15, a ƙarƙashin faratan manyan karnuka kuwa wuraren da ake yawan bi sukan riga haka lalacewa. Idan ta tsufa zaren yana marmashewa ya bi ruwa, kuma sake sarrafa ta yana da wuya saboda robobi iri-iri ne aka haɗa wuri ɗaya da yashi. Wannan damuwa ta ƙananan ɓurɓushin roba ce ta sa Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 wadda za ta hana sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa a filayen wasa daga shekarar 2031. Idan lallai kana son ta, shimfiɗa ta a sashen da yake cikin inuwa, inda dama ciyawar gaske ba ta yin ƙarfi, ka bar sashen rana da ciyawarsa.

Baban Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba filin kamar yadda Malama ta ce, rabin da ke kusa da ɗaki yana samun inuwar gini da ta bishiya, ɗaya rabin kuwa rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Hankalina ya fi kwanciya da shawarar Mai Lambu, in sa robar a rabin inuwa, inda taɓon ya fi damuna. Saura tambaya biyu gare ka, Malam Mai Shimfiɗa. Ƙasar wurin laka ce, ruwa yakan kwanta a kanta ya daɗe bai tsotse ba, shin zurfin da ka ambata zai isa? Sannan wane irin wanki take buƙata, kuma sau nawa?

Mai Shimfiɗa:

Wannan tsarin ya yi, Baban Yara, amma a ƙasar laka santimita 10 ba zai isa ba. Idan ka haƙa rami a laka ka cika shi da dutse ba tare da mafita ba, ruwa da fitsari za su taru a ƙasan dutsen su zauna, kuma a inuwa ba rana mai ƙarfi da za ta busar da su. Fara da gwaji: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. Idan aka kwana aka wayi gari da ruwa a ciki, to sai an zurfafa gindin zuwa kimanin santimita 15, a daidaita ita kanta lakar ta yi gangare tun kafin a zuba dutse, sannan a binne bututu mai huji-huji a sashen da ya fi ƙasa, a kewaye shi da tsakuwa, a kai bakinsa magudana ko ramin tsotse ruwa da ke nesa da harsashin gini. Tunda akwai bishiya kusa, kada a sare manyan saiwoyinta wajen haƙa, kuma a bar fili marar roba a kewaye da gindinta domin ta sha ruwa da iska.

Wanki kuwa, kashi a bar shi ya ɗan ƙafe idan mai tauri ne, a ɗauke shi da leda, a ɗauraye gurbin. Wuraren da suka saba yin fitsari a kwarara musu ruwa da mesa kullum da yamma, ba yayyafi ba, ruwa mai yawa da zai tura fitsarin ya wuce dutsen. Sau ɗaya a mako a fesa ruwan wankin da Malama ta ambata, bayan rana ta yi sanyi domin kada ya bushe kafin ya yi aiki, a bar shi ya jiƙa har ƙasa sannan a ɗauraye. Ganyen bishiyar a riƙa share shi kafin ya ruɓe ya toshe hanyar ruwa. Duk wata kuma a taje zaren da buroshi mai taurin gashi na roba, ana tura shi saɓanin inda ya kwanta, ban da buroshin waya, domin yana yayyaga zaren. Inda robar ta haɗu da ciyawar gaske a raba su da bakin kankare mai ɗan faɗi wanda ya yi daidai da tsayin ƙasa, don kada saiwar ciyawa ta kutsa ƙarƙashin robar, kada kuma injin yankan ciyawa ya kama gefenta.